Gwiwa ke ciwo, me ya kawo zancen ɗuwawu?

Wani ƙanenmu daga Garin Malam ya turo tambaya. Ya ce wata biyu ke nan yana fita gudu kullum bayan asuba a hanyar Tanut saboda yana shirin konkur, wato jarrabawar shiga aikin jandarma, sai ga gefen gwiwarsa ta dama ta waje ya fara zafi, da ya kai kilomita huɗu sai ya ji kamar ana soka mai ƙusa, in ya tsaya ya lafa. Wani abokinsa a fada, wurin hirar samari, ya ce mai ai ɗuwawunsa ne ba ƙarfi, duk aka yi dariya aka ce motsa ɗuwawu aikin mata ne na Facebook. Shi ne yake tambaya wai da gaske ne, kuma in da gaske ne me zai yi.

Toh ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi, kuma wannan abokin naka ka riƙe shi da kyau don gaskiya ya faɗa ma, ko da bai san dalili ba. Ni aikina ke nan, kine ne ni, gyaran gaɓoɓi da tsoka, kuma irin ciwon da ka kwatanta duk lokacin da konkur ya matso sai mun gan shi, yaro lafiyayye ƙaƙƙarfa ya shigo yana nuna gefen gwiwa da ɗan yatsa ɗaya. Ban gan ka ba ban taɓa gwiwar ba, don haka ba zan yanke ma hukunci daga nesa ba, amma bari in faɗa ma abin da yawanci ke faruwa.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, mai gudu bai taɓa tsayawa da ƙafa biyu. In kana tafiya akwai lokacin da ƙafafu biyu ke ƙasa tare, amma a gudu babu, tsalle ne daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya, kuma duk dirar da ka yi ƙasa na mayar ma da nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka. Mu ce kilo 65 gare ka, kaga kowane taku wajen kilo 160 ke sauka kan ƙafa guda. A sassarfa irin taku mutum na yin taku wajen dubu a kilomita ɗaya, wato in ka yi kilomita 5 kowace ƙafa ta ɗauki wannan kaya sau 2,500 tun kafin ka sha kokon safe. To wa ke riƙe ƙugu kar ya karkace a duk wannan dira? Tsokar mazaunai ce.

Tsoka uku ce a wurin. Akwai babbar, wadda kake zama a kai, a lakkwal muna ce mata giran fesiye, ita ce tsokar da ta fi kowace girma a jikin ɗan Adam, aikinta ta tura cinya baya kuma ta hana gangar jiki kifewa gaba in ka dira. Sai ta gefe, muwayan fesiye, in ka sa hannu a aljihun wando na gefe ka ɗan matsa sama ƙasa da ƙashin ƙugu, nan take, da wata ƙarama a ƙarƙashinta. Waɗannan biyun na gefe su ne masu gadin ƙugu, in ka tsaya da ƙafar dama, tsokar gefe ta dama ce ke riƙe ƙugun hagu kar ya faɗi. In ta yi rauni ko ta gaji, ƙugun hagu ya zube, cinyar dama ta karkato ciki, gwiwa ta bi ta ta leƙa ciki wajen babban yatsa, kuma akwai wata doguwar jijiya mai faɗi kamar bel da ta taso daga ƙugu ta bi gefen cinya ta waje ta sauka har ƙasan gwiwa, ita ce ke shan ja, tana danne naman da ke ƙarƙashinta daidai wurin da kake nunawa. Gwiwa ba ta da yadda za ta yi, tana tsakanin ƙugu da tafin ƙafa, duk inda na sama ya juya ta can za ta. Ita ke kuka, amma a sama aka yi ɓarnar.

Wannan ba sabon ilimi ba ne fa. Wani likitan fiɗa Bajamushe, Friedrich Trendelenburg, tun 1895 ya bayyana wannan faɗuwar ƙugu in mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya, har yau da sunansa muke kiran gwajin. A 2000 likitoci a jami'ar Stanford ta Amurka sun auna masu gudun dogon zango 24 da ke da irin ciwonka na gefen gwiwa, suka tarar tsokar gefen ƙugunsu ta ɓangaren ciwon ta fi ta lafiyayyen ɓangaren rauni, aka sa su sati 6 suna ƙarfafa ta, 22 cikin 24 suka koma gudu ba ciwo. Sannan a 2018 a Salford ta Ingila an ɗauki hoton gudun masu ciwo da lafiyayyu, aka ga cikin duk abubuwan da aka auna faɗuwar ƙugun nan ce ta fi bambanta masu ciwon da lafiyayyun.

Kafin mu yi nisa ga gwajin da za ka yi yau da kanka. Ka sa gajeren wando, ka hau dakalin ƙofar gida ko matakala guda wadda ba ta wuce tsawon bulo ɗaya ba, ka ba wani waya ya tsaya gabanka ya ɗauki bidiyo. Ka tsaya da ƙafar dama a bakin dakalin, ta hagu na lilo, ka sauko a hankali har dunduniyar hagu ta taɓa ƙasa ka koma sama, sau goma, sannan ka canza ƙafa. Sai ka zauna ka kalla. Ka dubi igiyar wandonka, a miƙe take ko ta karkace? Ka dubi ƙoƙon gwiwa, yana kallon yatsa na biyu ko ya shige ciki? Ka dubi kafaɗa, tana jefa kanta gefe don ta ceci ƙafar? Akwai wani yaro ɗan ƙwallo da na yi ma wannan gwaji a tsakar gidansu, mai faɗin ƙirji, yana ɗaga siminti da aka zuba a gwangwani kamar ba komai, amma a sauka ta shida gwiwarsa ta fara rawa kamar ta ɗan akuyar da aka haifa yanzu, ya kama bango. Da na nuna mai bidiyon shiru ya yi, ya mai da shi baya ya sake kallo sau uku, sai ya ce wallahi shi bai taɓa jin ƙugunsa na faɗuwa ba. Haka ne kuwa, ba a ji, sai dai a gani.

Za ka ce to mu da muke tsugunno kullum, alwala a tsugune, cin tuwo a tsugune, ya za a yi mazaunanmu su rasa ƙarfi? Tsugunno yana ba gaɓa laushi, wannan ni'ima ce da Turawa ke biyan kuɗi su koya, amma mai tsugunno zaune yake kan ƙafa biyu tsokar na hutawa. Ka ƙara da yadda yini ke wucewa yanzu, kan kabu-kabu ko kan benci a shago, da dare a fada kan kujerar roba ana jiran shayi na uku. Daniel Lieberman na jami'ar Harvard da abokan aikinsa a 2006 sun manna na'ura a babbar tsokar suka ga a tafiya ta yau da kullum a miƙaƙƙen wuri kusan barci take, sai an fara gudu take tashi aiki sosai. Kaga mutum zai iya shekara yana yawo daga Birni zuwa Zango bai taɓa neman wani abin kirki wurinta ba, rana ɗaya ya ji sanarwar konkur ya ce ta ɗauke shi kilomita 8 kullum. Su kuma masu cewa aikin mata ne, su je filin kokawa su kalli ɗan kokawa in ya duƙa ya kafa ƙafa, su ga daga ina ƙarfin ɗaga ƙato ke fitowa. Ba wanda ya taɓa cin takobin gasar kokawa da shafaffen ƙugu.

Sai maganar sauri, tunda konkur ba lafiya kaɗai ake nema ba har da lokaci. Nan ina so in faɗa ma gaskiya kar in sayar ma da abin da ba haka ba. A sassarfa da matsakaicin gudu, tsokar sharaɓa da agara su ne suka fi tura ka gaba. Masu bincike a Melbon ta Ostireliya a 2012 sun nuna sai gudu ya wuce wajen mita 7 a daƙiƙa, wato kamar mita 100 cikin daƙiƙa 14, sannan aikin ke komawa hannun tsokokin ƙugu, mazaunai da bayan cinya da ta gaban ƙugu. To a mita 100, da hawan tudu, da ƙarashen nan na mita 200 na ƙarshe da kowa ke sakin abin da ya rage mai, nan babbar tsoka ke biyan ka kai tsaye. A dogon gudu kuma amfaninta ta wata hanya ce, ƙugun da bai lilo ba ya zubar da ƙarfi a gefe, kamar bido ne da ba ya yoyo, kuma in gajiya ta zo a kilomita na ƙarshe ba ka karyewa daga tsakiya kana gudu kamar mai neman kujera. An sha gwadawa an ga masu dogon gudu da suka haɗa da ɗaga nauyi na wata biyu zuwa uku suna cin iska kaɗan a kan sauri iri ɗaya, kuma ba sa yin ƙiba ko nauyi kamar yadda yara ke tsoro.

Yanzu aikin kansa. Ba ka buƙatar sal, wato ɗakin motsa jiki na kuɗi, benci da dakali da bido da tsohuwar robar cikin tayar moto daga wajen mai faci sun ishe ka.

Sati biyun farko ka koya ma tsokar amsa kira. Ka kwanta rigingine kan tabarma, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ka danna dunduniya ka ɗaga ƙugu har cinya da ciki su miƙe, ka matse mazaunai ka ƙirga uku ka sauko. In ka ji aikin a gadon baya ka ɗaga da yawa ne, in ka ji shi a bayan cinya har tana neman ɗaurewa to ka jawo dunduniya kusa. Da ya yi sauƙi ka koma yi da ƙafa ɗaya. Na gefe kuma ka kwanta a kwiɓi ka jingina baya da bango, ƙafar sama a miƙe, dunduniya na gogar bango, ka ɗaga ta kamar taƙi biyu ka sauko a hankali. Bangon nan shi ne sirrin, don kusan kowa in ba bango sai ƙafar ta zame gaba, wata tsoka ta gaban ƙugu ta karɓe aikin, mutum ya yi sau hamsin yana murna alhali wadda ake nema ba ta ko motsa ba. In ka yi daidai, sau goma sha biyar za ka ji wuta a bayan aljihun gefe. Sai ka yanka robar ka ɗaure ta zobe, ka sa a idon sawu, ka ɗan duƙa ka yi tafiyar kaguwa gefe-gefe taku goma sha biyar dama, goma sha biyar hagu, yatsu na kallon gaba.

Amma dan Allah kar ka tsaya nan, nan ne mafi yawa ke maƙalewa, wata shida mutum na kwance kan tabarma yana ɗaga ƙafa. Tsokar da za ta tari kilo 160 ba za ta ƙoshi da nauyin ƙafa kaɗai ba. Daga sati na uku ka miƙe tsaye ka ɗauki kaya. Hawa benci da ƙafa ɗaya, ka ɗora ƙafar gaba ɗaya a kai, ka hau ba tare da ta ƙasa ta yi tsalle ta taimaka ba, ka sauko kana ƙirga uku. Sai tsugunnon ƙafa ɗaya, ka ɗora bayan ƙafar hagu kan benci a bayanka, ta dama a gaba, ka ɗan sunkuyo da ƙirji ka sauka ka tashi, wannan shi ne wanda na fi so kuma shi yara suka fi tsana, washegari zama kan moto sai da dabara. Sai na ruku'u da ƙafa ɗaya, ka riƙe bido a hannun hagu ka tsaya da ƙafar dama, ka sunkuya daga ƙugu baya a miƙe, ƙafar hagu na tafiya baya, ka dawo. Bidon ruwa kuwa ma'auni ne mai kyau tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, ka fara da lita 5, kowane sati ka ƙara lita ɗaya ko biyu, in ka kai cikakken bido mai lita 25 ka san ka yi nisa. Da shi za ka yi ɗaga ƙugun nan ma, kafaɗa kan benci, bido kan ƙugu da ɗan tsumma a ƙarƙashi.

Kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye uku, hutun minti ɗaya ko biyu a tsakani, kwana biyu ko uku a sati ba kullum ba, don a hutu tsoka ke ginuwa. Ma'aunin nauyi shi ne biyun ƙarshe su yi wuya amma gwiwa ba ta shige ciki ba, da ta fara leƙawa ciki ka ajiye, ci gaba a haka koyar da jiki kuskure ne. Minti 25 ya isa. Ka yi shi bayan gudu ko da yamma in rana ta yi sanyi, kar ka yi shi daren da gobe kake da gudu mai zafi. Sati uku zuwa huɗu za ka fara jin ƙafa ta daina rawa, amma tsoka ta ƙaru da gaske sai wajen wata biyu zuwa uku, shi ya sa nake ce ma yara ba a fafe gora ranar tafiya.

To ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfi kaɗai bai canza yadda mutum ke gudu. A 2011 wasu masu bincike a Amurka, Willy da Davis, sun ƙarfafa ƙugun wasu mata masu gudu na sati 6, ƙarfi ya ƙaru, tsugunnon ƙafa ɗaya ya gyaru, amma da aka mai da su gudu sai ga gwiwa na shigewa ciki kamar da. Wato sai ka kai ƙarfin cikin gudun da kanka. Hanya mafi sauƙi, ka ƙirga takunka na minti ɗaya, in ka samu misali 156 ka ɗaga shi da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ya koma wajen 165 zuwa 170, gajerun taku masu sauri a maimakon dogon taku da ake jefa dunduniya can gaba, wannan kaɗai na rage ma gwiwa da ƙugu kaya. Kuma ka bar ɗan fili tsakanin gwiwoyinka, ka duba sawunka a rairayi, in sawun dama da na hagu na kan layi ɗaya ko suna ƙetare juna kamar mai tafiya kan igiya, ka ɗan buɗa su. Gefen kwalta ma a karkace yake don ruwa ya gangara, in kullum gefe ɗaya kake bi ƙafa ɗaya ce ke zama a gangare, ka nemi miƙaƙƙen wuri ko ka koma teren, filin wasa, wasu ranaku, can ma ka riƙa juya zagayen.

Kuma gudu kullum ɗin nan ka rage shi. Na san ba abin da kake son ji ke nan ba, amma mafi yawan ciwon masu gudu daga ɗora ma jiki abin da bai saba ba ne cikin gaggawa, ko mazaunanka sun kai na ɗan kokawa in ka ninka kilomita cikin sati biyu wani wuri zai biya. Tunda a kilomita huɗu ciwon ke zuwa, ka tsaya a uku ko biyu da rabi, kwana uku ko huɗu a sati, ka guji gangara tukuna, kowane sati ka ƙara kaɗan. Ɗan ciwo mara yawa da ya ɓace kafin wayewar gari ba laifi, wanda ya sa ka ɗingishi ko ya kwana ya tashi da kai ya nuna ka wuce gona da iri. Haɗa biyun shi ke aiki. A Finlan an yi gwaji da sababbin masu gudu 325 aka buga a 2024, waɗanda aka sa suna motsa ƙugu da ciki kafin gudu na sati 24 ciwon ƙafa irin wanda yawan gudu ke kawowa ya ragu a cikinsu da kashi 39 cikin ɗari in an kwatanta da waɗanda miƙa jiki kawai suke. Tun 2014 ma wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje 25 ya nuna ƙarfafa tsoka na rage raunin wasanni zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku, miƙa jiki kuwa bai nuna wani tasiri ba. Don haka jan ƙafar da kuke yi a bakin hanya kafin a tashi ba laifi ba ne, amma ba shi ke tsare gwiwa ba.

Abinci ma kar ka yi wasa da shi, koko da ƙosai biyu ba za su gina tsoka ba. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, ƙwai, nono a fura, fara in lokacinta ne, duk suna yi kuma ba su fi ƙarfin aljihu ba. Ruwa kuma ka san garinmu, in Afrilu da Mayu suka shigo zafi na haura 40, gudu sai da sassafe.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaya. Na ga yaran da ke haɗiye tramol ko diklofenak kafin su fita don kar su ji gwiwar, wallahi wannan ganganci ne, ciwon ya yi shiru ɓarnar na ci gaba, ana kukan targaɗe sai ga karaya, ga ƙoda da ke wahala in an haɗa diklofenak da zafi da ƙishirwa, tramol kuma ka san inda yake kai mutane. Kar ka yarda ko abokin gudu ya miƙo ma.

Akwai kuma alamun da in ka gan su ka bar duk abin da na faɗa ka tafi asibiti a duba ka ido da ido. Gwiwa ta kumbura, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko tana sakin ka kamar za ka faɗi. Ciwo a matse-matsi ko can cikin ƙugu da ke ƙaruwa in ka yi tsalle da ƙafa ɗaya ko ya hana ka barci, wannan yana iya zama tsagewar ƙashi, kuma in kana da sikila ko akwai ta a gida kar ka jira ko kwana ɗaya, don tana cin kan ƙashin cinya kuma ciwon kan sauko a ji shi a gwiwa. Haka in ƙafar na dindiris ko tana ja kamar wuta daga mazaunai zuwa ƙwauri, ko ɗuwawu ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta, musamman in an taɓa yi ma allurar zazzaɓi a wurin kana yaro ƙafar ta yi sanyi bayan nan, ka faɗa ma likita wannan tarihin da bakinka ko bai tambaya ba.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ka yi gwajin dakalin yau bayan la'asar, ka fara na tabarma gobe. Ka turo min ranar konkur ɗin da nisan da za a sa ku, da abin da ka gani a bidiyon, ƙafar da ta fi rawa da kuma a sauka ta nawa ta fara, sai in tsara ma satuttukan da suka rage yadda gudun da ɗaga bidon ba za su ci karo ba.